Tambaya da Amsa: Ina mujallun da aka ce korona ta buɗe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata jami'a a nan Gombe, ina kuma karatun digiri na uku a fannin ƙananan ƙwayoyin halitta. Na sha jin cewa a lokacin korona an wallafa bincike fiye da kowane lokaci, har manyan mujallu suka bar kowa ya karanta kyauta. Amma ni aikina cak ya tsaya a shekarar, yanzu kuma maƙalar da na nema sai a ce in biya dala. Ina gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. An buɗe mujallun kam, sai dai aro aka ba mu, ba kyauta ba. A ranar 31 ga Janairu 2020, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba a ranar 11 ga Maris, gidauniyar Wellcome ta Ingila ta fitar da wata sanarwa wadda kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Springer Nature suka sa wa hannu. Alkawarin da ke ciki ya taƙaita ne ga binciken da ya shafi cutar, kuma wa'adinsa shi ne aƙalla tsawon lokacin annobar. Saboda haka mai nazarin tarin fuka ko ciwon ƙoda bai samu wani sauƙi ba ko a wancan lokacin.

Batun yawan wallafa ma haka yake. An buga maƙaloli sama da 100,000 a kan korona a 2020 kaɗai, da yawansu kuma sun fara fitowa ne a rumbuna irin su medRxiv, wanda aka kafa a 2019, inda mai bincike ke saka aikinsa kafin masana su tantance shi. Saurin ya yi rana, domin a watan Maris 2020 cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fayyace tsarin halittar ƙwayar cutar daga mutum na farko da ya kamu a Najeriya, ta kuma baza sakamakon kowa ya gani. Amma gaggawa ta haifi nawa a wasu wuraren. Mujallar Lancet, duk da girman sunanta, ta buga wata maƙala a watan Mayu 2020 da ke cewa maganin hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajinsa, sannan a ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar saboda an kasa tabbatar da alƙaluman da aka gina ta a kansu.

Tsayawar aikinki kuwa ba laifinki ba ne. Waɗanda suka yi ta rubutu a lokacin kulle galibinsu masu alƙaluma ne a kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu a nan an rufe makarantu a watan Maris, ga yajin aikin ASUU da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Wanda ya bar samfuransa a firjin ɗakin gwaje-gwaje, ƙofa a garƙame, janareta a kashe, ya san abin da ya tarar da ya dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne inda nauyin ya koma. Mujallu da dama da ke barin a karanta kyauta, marubuci suke caza. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 a kan maƙala ɗaya da marubuci ke so a karanta kyauta, kuɗin da malamin jami'a a Gombe ko Kashere ba zai ma fara lissafinsa ba.

Shawarata ita ce, kafin ki biya ko sisi, ki duba PubMed Central, rumbun maƙalolin lafiya na kyauta a intanet, da AJOL, rumbun mujallun Afirka, in ba ki samu ba ki aika wa marubucin saƙo, domin yawancinsu da murna suke turo aikinsu. Idan kuma wallafawa za ki yi, ki nemi rangwame a rubuce tun ranar miƙa maƙalar, ki tabbatar mujallar tana cikin DOAJ, wato jerin tantatattun mujallun da ake karantawa kyauta, sannan ki guji duk wadda ta yi miki alkawarin bugawa cikin mako ɗaya, domin kwamitin ƙarin girma zai iya watsi da ita bayan kin kashe kuɗinki.