Masarar Agusta ba ta ajiya ba ce a Kumasi

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, ya rubuto cewa ya sayi masara buhu 200 a Ejura cikin watan Agusta, ya jibge ta a sito yana jiran kuɗinta ya ninka, kamar yadda mahaifinsa yake yi a Bawku da ke arewacin Ghana. Kafin Oktoba ya ƙare, fumfuna ta kama wajen buhu 50. Yana tambaya ko ya ci bashi ya ƙara saye domin ya mayar da asarar.

Alhaji, kada ka ci bashin nan, domin ba ƙarancin jari ne ya kayar da kai ba. Ka ɗauko lissafin damina na Bawku ne ka yi aiki da shi a yankin Asante, inda Ejura da Kumasi suke. A arewa damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma da an yi girbi hunturu yake biyo baya ya busar da hatsi ƙayau. A Ejura da Techiman da nan Kumasi kuwa damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Masarar da aka girbe a tsakaninsu ba ta samun ranar da za ta bushe, kai kuma ka rufe ta a ɗakin da bangonsa yake tsattsafo.

Na san wani da ya yi irin wannan a Asawase. Buhunan bakin ƙofa lafiya lau suke, amma da ya cusa hannu cikin na tsakiya sai ya ji ɗumi, ƙwayar ta dunƙule ta yi kore. Ko masu kiwon kaji ba su taya ba.

Masarar ajiya danshinta bai kamata ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. Idan ka saye ta da danshi kashi 20, ko ba ta lalace ba, kowane buhu 100 zai rage nauyin kusan buhu 8 idan ta bushe, wato ruwa ka saya da kuɗin hatsi. Maganar ninka jari cikin wata uku kuwa, a bar ta a majalisar shayi.

Ka ware mai kyau ka shanya, ka sayar yanzu ko da riba kaɗan ce. Wadda ta yi fumfuna kada ka haɗa ta da ta ci, domin gubarta tana cutar da hanta. Idan ajiya kake so, ka jira girbin Disamba da Janairu, ko ka sayo ta Tamale da ke arewa, ka ɗora buhunan a kan katako nesa da bango.