Tambaya da Amsa: Otomat na kawo mini lambar da ba ita ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mai aikin kuran ne a Tahoua, muna haɗa pampon foraj mai aiki da sola a wani ƙauye kan hanyar Konni, na haɗa otomat (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna) da bariyatar (na'urar da ke daidaita gudun injin pampo) ta Modbus, wato yaren da na'urorin ke magana da juna, a kan layin sadarwa mai waya biyu RS-485. Takardar bariyatar ta ce gudun injin pampon yana adireshi 40010, in na sa 10 sai wata lamba ta fito ba kai ba gindi, in na sa 40010 ɗin kuma sai ta ƙi. Kwana uku ke nan wallahi, mai aikin har ya fara yi mini wani irin kallo. Mi ke faruwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, tunda har bariyatar na ba ka amsa to wayarka lafiya lau take, matsalar ƙirga ce. Sa 9.

Ka san yadda magina ke ce ma bene R+2 alhali hawa uku ne, saboda na ƙasa sifili ne? To haka Modbus yake. Takarda na ƙirgawa daga 1, saƙon da ke bin waya yana ƙirgawa daga 0, shi ya sa 40001 na takarda a kan waya 0 ne, 40010 kuma 9 ne. Da ka sa 10 ɗakin maƙwabci ka ƙwanƙwasa, wato 40011, shi kuwa ya ba ka abin da ke gare shi. Shi 4 ɗin na farko ba ya ma shiga waya sam, suna ne kawai na teburin da ake nufi, da ka rubuta 40010 cif sai ka nemi ɗakin da babu shi a gidan, ka duba da kyau za ka ga kuskure mai lamba 02 ta mayar maka, ma'ana ba ta san wannan adireshin ba.

Tun 1979 da kamfanin Modicon ya fito da Modbus teburi huɗu gare shi. Adireshi masu farawa da 0 na kunnawa da kashewa ne, bit ɗaya (wato 0 ko 1 kawai), kana iya karantawa ka rubuta, masu 1 su ma bit ɗaya amma karatu kawai, masu 3 rajista ce (ma'ajiyar lamba) mai bit 16 ta karatu kawai, sai masu 4 da ake karantawa a kuma rubuta. Abin da ke zaɓar teburi a kan waya lambar umarni ce, 03 na karanta masu 4, 04 na karanta masu 3, nan ma mutane na faɗawa rami don lambobin kamar an juya su. Kuma wasu otomat ɗin su ke cire ɗayan da kansu, wasu kamfanonin kuma tun a takarda daga 0 suke ƙirgawa, ni wannan rashin daidaito yana ba ni haushi ƙwarai don yara masu hannu da yawa sun sha zagi a kansa ba laifinsu.

Abin da nake yi in na je gaban akwatin, ina neman abin da idona ke gani a fuskar bariyatar, a ce tana nuna 50.0 Hz, sai in karanta rajista uku a jere 8, 9, 10 in ga wacce ta kawo 500 ko 5000, ita ce. Rajista ba ta ɗaukar digo, daga 0 zuwa 65535 take tsayawa, kai za ka raba da 10 ko 100 yadda takarda ta ce. In kuma lambar mai bit 32 ce, kamar jimillar kuran da kwantar ke tarawa, rajista biyu take ci kuma ba kowane kamfani ke sa babbar a gaba ba, in ka ga wata lamba ta hauka ka juya su biyun.

In za ka ƙara kwantar a kan wayar nan ka ba kowa lambarsa tsakanin 1 da 247, kar biyu su haɗa, 0 kuwa ta shela ce ga kowa kuma ba mai amsa ta. Ka gwada 9 gobe da safe in rana ta ɗaga pampo ya tashi, in bai yi ba ka ɗauko mini hoton shafin takardar ka turo mu duba tare.