Mai kasuwa shi ne mai rumfa, shi ne kuma alƙali

Ɗan'uwa, ka tambaya ko manyan kamfanonin fasaha suna tafiyar da harkarsu bisa gaskiya da amana, ko kuwa ƙararsu da ake kaiwa kan babakere hassada ce kawai. Shekara tara ke nan ina rubuta manhajojin waya, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Girma ba laifi ba ne. Wanda ya ƙera abin da ya fi na kowa har jama'a suka bi shi, halaliyarsa ya ci. Inda nake da ja shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai kasuwa, yana da rumfa a cikinta, kuma in rigima ta tashi shi zai yanke hukunci.

Akwai manhajar da na yi wata takwas ina fama da ita. Wata safiya na tarar da saƙo cewa an cire ta daga kantin sauke manhajoji da take, wai ta saɓa ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Babu bayani. Sau uku ina rubuta koke, amsa ɗaya ke dawowa, ko waƙafi ba a canza ba. Sai bayan kwana 19 aka mayar da ita, babu ko "yi haƙuri", masu amfani da ita kuwa sun watse. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Hukumomi ma sun daɗe suna kokawa da wannan ƙarfi. A 2017 Tarayyar Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 2.42 saboda yana ɗora sashensa na kwatanta farashi sama da na abokan hamayya a sakamakon binciken intanet. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. A shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga irin su Apple domin injin bincikensa ya zo a saite cikin wayoyi da burauza, wato manhajar shiga intanet. Wannan adadi ya tsaya mini a rai: wanda ya yarda da ingancin kayansa, me zai sa ya sayi bakin ƙofa da tsada haka?

Kada kuma ka ɗauka kotu na gyara abin da wuri. A 2000 aka ba da umarnin raba Microsoft gida biyu saboda babakere, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Netscape kuwa, abokiyar hamayyarsa a harkar burauza, tuni ta durƙushe.

Injiniyoyin waɗannan kamfanoni da na yi hulɗa da su mutanen kirki ne, ba na zarginsu. Amma ni tun daga lokacin da aka cire manhajata duk manhajar da na yi sai na yi mata shafin intanet nata na kanta, in kuma nemi izinin masu amfani in ajiye imel ɗinsu a wurina.