Gwajin fitsari zai nuna matsalar mafitsarar yaro?

'Yar'uwa, kin ce fitsari na matsa wa ɗanki, har yakan jiƙa wando kafin ya kai banɗaki, kina neman gwajin da zai tabbatar mafitsararsa ce ke yawan matsewa.

Masu bincike sun ga sinadaran NGF da BDNF, waɗanda jiki ke samarwa don taimaka wa jijiyoyi, kan ƙaru a fitsarin irin waɗannan yara, sukan kuma ragu bayan magani. Sai dai asibitoci ba su fara dogaro da su ba tukuna.

Ki rubuta wa likita na kwana 2: sau nawa ya yi fitsari, da yawansa. Ki lura da bahayarsa, domin taurin kashi na danne mafitsara. Don Allah kada ki hana shi ruwa ko ki yi masa faɗa. In ya haura shekara 5, ko akwai zazzaɓi, ki kai shi wurin likitan yara.