Tambaya da Amsa: Na Kai Kaya, Ɗan Kwangila Ya Riƙe Cikona

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Dilimi, cikin Jos. Wani ɗan kwangila da ke gina gidaje a Abuja ya ba ni aikin ƙofofi da tagogi, muka yi ciniki da baki, ya ba ni sulusin kuɗin. Kafin in kammala ƙarfe ya yi tsada, na ci bashi na ƙarasa, na kai kaya, amma har yau cikona bai fito ba, wai shi ma ba a biya shi ba. Shin in nemi rancen banki in ci gaba da karɓar irin wannan aiki?
Daga wani mai walda, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya warware maka. Abin da ya same ka shi ne ke karya ƙananan masu ƙere-ƙere a yanzu, wato mai ƙaramin jari ya koma shi ne ke ɗaukar nauyin aikin babban ɗan kwangila da aljihunsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, ta ja farashin fayif da fenti da wayar walda. A Afrilun 2024 kuma aka mayar da yunit ɗin lantarki naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, waɗanda ba sa cikinsa kuwa janareto ne ke cinye ribarsu. A irin wannan yanayi, wanda ya yanke farashi yau ya karɓi kuɗi bayan wata huɗu, uwar kuɗinsa yake ci ba tare da ya sani ba.

Saboda haka ban ba ka shawarar rancen bankin kasuwanci ba. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankuna kuma sukan ɗora nasu a kai, ga shi ba su san uzurin "ba a biya ni ba". Idan lallai sai ka ƙara jari, ka yi wa shagonka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, ka tuntuɓi SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Bankin Masana'antu, ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, waɗanda kan sayi kaya su sayar maka ka biya a hankali.

Batun cikonka kuwa, haƙƙinka ne, domin da shi ka ƙulla ciniki, ba da masu gidajen ba, kuma rashin biyansa da suka yi bai sauke masa nauyi ba sai idan da ma haka kuka shirya. Ka tattara saƙonnin WhatsApp da shaidar kuɗin da ya turo ta banki da takardar direban da ya kai kayan, domin kotu tana karɓar irin wannan hujja. Amma ka fara da shugabannin ƙungiyarku ta masu walda, su zaunar da shi ya rubuta adadin bashin da ranar biya, ya sa hannu gaban shaidu.

Nan gaba kada ka kunna injin walda sai an rubuta yarjejeniya, kuma kuɗin kafin alƙalami ya ishe ka sayen dukkan ƙarfen a ranar, abin da zai rage ya zama ladan hannu kawai. Ka rubuta cewa farashinka na mako biyu ne, ka riƙa kai kaya kashi-kashi, kashi na biyu ba zai bar Dilimi ba sai kuɗin na farko ya shigo. Ayyukan unguwa kuma kada ka raina su, don da kuɗinsu na hannu da hannu za ka riƙa sallamar yaranka duk ƙarshen mako.