Ranar da Abdullahi Ɗayyib ya shigo rumfar makoki

Malam, ka yi mamaki da na ce na taɓa cin abinci a faranti ɗaya da Farfesa Abdullahi Ɗayyib, babban malamin Larabcin nan na Sudan, har kana tambaya ko wani babba na sani. Ban san kowa ba. A Sudan wurin zaman makoki ne ke haɗa ka da manya, ba sai da hanya ba.

In aka yi rasuwa, ana kafa rumfa a ƙofar gida, siwan muke ce mata, a zauna kwana uku. Mai ta'aziyya yana shigowa sai ya ɗaga hannu biyu ya ce Fatiha, masu rashi su miƙe su ɗaga nasu. Abinci kuwa na maƙwabta ne. Kowane gida zai fito da babban faranti na kisira, wato gurasarsu mai faɗi marar kauri, da miya, a ajiye a ƙasa, duk wanda ke kusa ya tsoma hannu. Mu Hausawan nan, da kakanninmu suka taso da niyyar Hajji suka yada zango a Mai Wurno da Gadarif da gonakin audugar Jazira, mun ɗauki wannan al'ada kaf.

A irin wannan rumfa a Umdurman ya shigo, dattijo cikin farar jallabiya da rawani. Ban san fuskarsa ba. Da ya yi sallama sai na ɗago kai, domin muryar nan mun tashi da ita a gidan rediyon Umdurman: Shehi Siddiƙ Ahmad Hamdun yana jan baƙi, shi yana fassara da Larabcin gida wanda ko tsohuwa za ta gane. Wannan ne marubucin Al-Murshid, littafin da ɗaliban waƙar Larabci ke fama da shi, wanda aka ba kyautar Sarki Faisal a 2000. Ya zauna a tabarmarmu kamar kowa.

To, ga inda Hausancinmu ya fito. Mutanen nan ba sa durƙusa wa babba. Dafa kafaɗa suke yi, a yi musabaha, a jero gaisuwa. Ni haka na yi. Mahaifina kuwa, Allah ya jiƙansa, sai da ya rage tsawo, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce "Allah ya gafarta Malam" da Hausa, a gaban jama'a. Ka sani a lokacin da yawa cikinmu ba sa Hausa a waje, gudun a ce musu Fallata, sunan da ake kiran 'yan Afirka ta Yamma, da raini. Baba ya san mutumin ya zauna a Kano, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a shekarun 1960, shi ya sa ya saki baki.

Hoto kuma da ka tambaya, babu. Ko da da kyamara a hannuna, wa zai ɗauki hoto a gidan makoki? Farfesan ya rasu a 2003, Allah ya yi masa rahama. In ka shiga BUK ka tambayi tsofaffin malaman Larabci, za su ba ka labarinsa fiye da nawa.