Amsa kan yawo da wuƙa mai naɗewa a birnin New York

Malam, ka ce ka fara aiki a wani sito a Bronx, wani yanki na birnin New York, kana tambaya ko za ka iya yawo da wuƙarka mai naɗewa, wadda take kullewa idan an buɗe ta.

Kullewar kaɗai ba laifi ba ce yanzu. A da kam, 'yan sanda kan gwada wuƙar ta hanyar kaɗa ta da wuyan hannu, in ta buɗe ta kulle sai su kama mutum, kuma masu aikin hannu ne suka fi shan wannan wahala. A 2019 jihar New York ta soke wannan haramcin.

Sai dai birnin yana da tasa dokar daban. Idan tsawon bakin wuƙar ya kai inci 4, an hana ɗaukarta a bainar jama'a. Kuma ko ƙarama ce, ba a yarda a gan ta a jikinka ba. Nan ne mutane ke faɗawa: ɗan ƙarfen nan da ake maƙala ta da shi a bakin aljihu, in ya leƙo waje, ya isa ɗan sanda ya tsayar da kai. Hukuncin tara ce har dala 300, ko ɗaurin kwana 15, ko duka biyun.

Akwai sassauci ga mai sana'ar da ke buƙatar wuƙa, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas suna da nasu ƙa'idojin, sun hana har wuƙar yanka kwali. Ni shawarata, ka bar ta a wurin aiki, musamman in takardun zamanka ba su gama daidaituwa ba, don kamu ko na kwana ɗaya yana iya dagula maka lissafi.